Adafta a Gindin Randa

Ranar Asabar ɗin ƙarshe ta dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu na firamare, gab da azahar, yara sun fi goma cunkushe a falon Baba a Tsafe, kuma ba mai ko tari. Fanka tana juyawa a sama tana ƙugi, warin zufa da na ɗanyar gyaɗa ya cika ɗakin. A cikin talabijin wani ɗan mutum mai fitila yana tsaye a bakin wata baƙar ƙofa, yayana Lawali kuma yana durƙushe a kan tabarma da abin dannawa a hannunsa. Wata biyu muka yi muna bin ɗan mutumin nan, ranar ce kaɗai muka taɓa kai shi bakin ƙofar, ga shi washegari Lawali zai tafi makarantar kwana a Gusau. Sai ladan ya kira salla. Abin da na aikata a rabin sa'ar da ta biyo baya shi ne na ɓoye wa Lawali shekara ashirin da biyar.

Kawu Bala ne ya kawo mana gem ɗin. Ƙanen Inna ne, direban babbar mota mai kai hatsi kudu, kuma ba ya dawowa hannu rabbana. A farkon daminar nan ya shigo da wani kwali a hammata, ya ajiye a gaban Lawali, ya ce tukuicin cin jarrabawa ne. A ciki akwai wata 'yar na'ura ruwan toka marar nauyi, da abin dannawa guda biyu da muke kira fad, da kaset rawaya guda ɗaya, da wani baƙin dunƙule mai waya da ake sokawa a wuta, wato adafta. A jikin kaset ɗin an yi alkawarin wasanni ɗaruruwa. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya sai muka tarar biyar ne kacal, ana ta maimaita su ana sauya musu launi. Ba mu ji an cuce mu ba ko kaɗan. Mu da muka saba da langa da carafke da motar gwangwani, ganin ka danna abu a hannunka wani ya yi tsalle a cikin talabijin ya ishe mu mamaki har ƙarshen shekara.

Baba bai so abin ba, amma kunyar surukinsa ta hana shi mayar da kwalin. Sai ya gindaya sharuɗɗa. Ba mai taɓa gem sai ya wanke allonsa, sai kuma an dawo daga gona. Na uku shi ne wanda ya fi nanatawa: "In anka kira salla, akwatin nan shi yi shiru." Saboda haka ranakunmu suka koma tsere. Da sassafe muna makarantar allo, muna tashi Lawali ya saɓa fartanya ya bi Baba gonar gero da ke bayan gari, ni kuma in yi shara, in ba awaki dusa, in jira Inna ta gama dama fura in ɗauka a kai in bi su. A hanyar dawowa ina yankar ciyawa, Lawali yana ɗaure ta, muna tafe muna gardamar inda muka mutu jiya da abin da ya kashe mu. Ban taɓa ganin Lawali yana noma da sauri irin na daminar nan ba. Baba da kansa ya ce da ya san haka abin yake, da tun bara ya sa an kawo.

A cikin gida kuwa aikina na kullum shi ne randar Inna. Tana zaune a rumfa, dab da ƙofar falo, an kafa ta a kan tulin yashi da aka kewaye da tubala. Ni ke wanke ta, ni ke cika ta, ni ke yayyafa wa yashin gindinta ruwa safe da rana don ruwan ciki ya yi sanyi. Baƙi sukan yaba ruwan gidanmu, Inna kuma tana jin daɗin yabon fiye da yadda take nunawa. Ko tana tsakiyar tuƙin tuwo sai ka ji muryarta daga madafa: "Balki, kin jiƙa yashin randa?" Na ji tambayar nan sau ba adadi, har na kai ina amsa ta kafin a ƙarasa.

Cikin wasannin biyar ɗin, ɗaya ne ya kama mu. Da an kunna sai wani farin abu ya gifta da gudu ya faɗa rami, sai ɗan mutumin ya ɗauki fitilarsa ya bi shi. Daga nan sai rubutu ya fito, layi uku, cikin wasu baƙaƙe masu kama da sawun kaji. Mun kwafi rubutun a takarda mun kai wa malaminmu na allo, ya juya ta sama da ƙasa ya ce ba Larabci ba ne. Malamin Turanci ma ya ce ba nasa ba ne. Tunda ba wanda zai gaya mana labarin, sai muka ƙirƙiri namu. Lawali ya ce farin abin rago ne ya tsinke igiya, yaron yana binsa kada a yi masa faɗa a gida. Ni na ce mace ce da farin mayafi, uwarsa ce, ita yake nema. Gaskiyar magana ɗigo-ɗigo ne kawai da ba su kai girman ƙwayar masara ba, kowa na iya ganin abin da ransa yake so. Amma mun yi faɗa a kan wannan har Inna ta raba mu da muciya. A ƙarshe muka yarda cewa duk abin da ke bayan ƙofar ƙarshe shi zai raba gardama.

Zango bakwai ne kafin a kai ƙofar, mun san haka daga wani ɗan zane da ke fitowa a tsakani. Kowane dodo mun raɗa masa suna. Akwai Kunama, akwai Mai Gatari, akwai wani mai ƙaton ciki da yaran unguwa suka sa wa sunan mai shagon bakin layinmu, ba don komai ba sai don yana hana su zama a bencinsa. Dokar falon ɗaya ce, wanda ya mutu ya miƙa wa na kusa da shi. Da farko yaran sun ce mace ba ta cikin layi, Lawali ya ce to gem ɗin ma ba ya cikin layin wanda bai yarda ba, sai suka haƙura. Daga baya su da kansu suke miƙo mini fad in an zo zango na uku, inda ake tsallake duwatsu masu nutsewa, don hannun da ya saba da carafke ya san lokacin ɗauka da lokacin saki. In kaset ya ƙi tashi kuma, ni ake ba in hura masa iska, wai bakina yana da sa'a.

Matsalar ita ce na'urar ba ta da ajiya. Da wuta ta ɗan ƙifta, ko wani ya taka waya, an koma bakin rami ke nan, kamar ba a taɓa yin komai ba. Daga farko zuwa ƙarshe ana bukatar kusan sa'a uku a jere, mu kuwa abokan gabarmu uku ne. Na farko masu wuta, waɗanda da sun hangi hadari ya haɗo ta gabas sai su ɗauke. Wannan ba mu da maganinsa sai addu'a. Na biyu lokacin salla, shi kuma Lawali ya samo masa dabara: ya tsayar da wasan, ya kashe talabijin kaɗai, ya bar na'urar a kunne, ya kifa faifai a kan 'yar jar wutarta. Ai Baba akwatin ya ce ya yi shiru, kuma ya yi. Ina kyautata zaton Baba ya sani, don na taɓa ganin ya tsallake faifan a hankali ya wuce. Na uku shi ne adafta. In ya daɗe a kunne sai ya yi zafi kamar dutsen guga, hoto ya fara rawa, daga nan komai ya daskare. Mun yi masa fifita da murfin kwano har hannuwanmu suka gaji. Wata rana Lawali ya aro doguwar waya, ya fito da adaftan ta ƙasan labule, ya ɗora shi a kan yashin gindin randa, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Abin ya yi aiki. Tun daga ranar muka fara wuce zango na huɗu, yaran unguwa kuma suka fara kallon Lawali kamar injiniya.

Ranar Asabar ɗin Baba ya ɗauke wa Lawali zuwa gona, ya ce ya zauna ya haɗa kayansa. Kayan kuwa tun Alhamis suke cikin akwatin ƙarfe. Da hantsi muka kunna. Sama tas, ba ko ɓurɓushin gajimare, sai zafin ƙarshen damina mai sa riga ta manne a baya. Na wuce mana zango na uku ba tare da asarar rai ko ɗaya ba, na miƙa wa Lawali, daga nan ba wanda ya sake tambayar layi. Labari ya zaga unguwa, yara suka yi ta shigowa suna cire takalma a bakin ƙofa. Lawali ya wuce na biyar, ya wuce na shida da ƙyar, ya shiga na bakwai da ba mu taɓa gani ba, ya yi ta faɗuwa yana tashi, sai ga baƙar ƙofa, da wani abu yana motsi a gabanta. A daidai nan aka kira salla. Lawali ya danna tsayarwa, ya kashe talabijin, ya kifa faifai, suka ɗunguma masallaci.

Ni da Inna muka yi tamu a gida. Ina naɗe tabarma ta koma madafa, sai na ji tambayar da na saba. Na je rumfa na tarar yashin ya bushe ƙayau, don tun safe hankalina yana falo. Na taɓa adaftan da bayan yatsa na janye da sauri. Bai taɓa yin zafi haka ba. Na ga kamar yanzu zai daskarar mana da aikin wata biyu. An sha gaya mini kada in taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu, ba zan ce ban sani ba. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne, abin da ke sanyaya randa zai sanyaya wannan ma, in dai na zuba a gefe ban zuba a kansa ba. Na ɗebo moɗa ɗaya na zagaye shi da ruwa, yashi ya shanye. Na ƙara ta biyu. Ashe tulin yashin ya ɗan gangara ta wajensa. Na ga ruwan ya bi ta ƙarƙashinsa, na ji wata 'yar ƙara, ɗas, sannan warin ƙonanniyar leda ya taso. Na shiga falo na ɗaga faifai. Jar wutar ta mutu.

Har yau ina jin kunyar abin da na yi bayan nan fiye da zuba ruwan. Na je tsakar gida na cika tafin hannuna da busasshen yashi, na zo na barbaɗa a kan jiƙaƙƙen, sau uku, na share sawuna. Sannan na je na zauna kusa da Inna ina tsintar wake kamar mutuniyar kirki. Yara suka dawo daga masallaci suka cika falo, amma Lawali shiru. Da aka leƙa sai aka ce yana nafila, shi da ko da yaushe yake rigan liman fita. Da ya shigo kuma sai ya ce yunwa yake ji, ya zauna ya ci ɗanwake a hankali, yara suna ta yi masa magiya. Can ya wanke hannu ya kunna talabijin, ba komai sai shuuu. Ya fita rumfa ya tsuguna a gindin randa, ya daɗe. Ya ɗaga adaftan ya sansana, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wuta ta zo da ƙarhi ta ƙone shi." Ba wanda ya yi musu, don haka takan yi wa mutane rediyo da fanka. Yara suka yi ta tsine wa masu wuta. Lawali bai yi kuka ba. Ni na yi, har da shessheƙa, kowa ya ɗauka gem nake wa.

Washegari Kawu Bala ya ɗora akwatin ƙarfen a mota suka tafi Gusau. Bayan wasu watanni ya kawo wani adafta wanda ashe ba irinsa ba ne, ana sokawa na'urar kanta ta yi hayaƙi. Inna ta mayar da kwalin ma'ajin zare da allura. A unguwa kuwa labari ya zauna cewa Lawali ya kai ƙofa, wuta ce ta cuce shi, kuma har gobe abokansa na ƙuruciya Mai Fitila suke kiransa. Ni kuma na yi ta ɗaga ranar da zan gaya masa. Da farko tsoro ne, daga baya kunya, daga baya kuma abin ya zama ƙarami da yawa, ta ina babbar mace za ta fara tayar da zancen adafta? Amma abin bai bar raina ba. Ranar da muka yi rashin Inna, shekara uku ke nan, ina zaune a rumfar nan ana gaisuwa, idona yana kan gindin randar.

Yanzu ina koyarwa a Gusau. Kwanakin baya ɗana Sadik, mai shekara goma sha biyu, yana latsa wayata ya ce ya ga labari wai ana dawo da wasannin da, kuma a wasu ƙasashe mutane suna neman tsofaffin kaset suna adanawa kamar kayan gado. Yana dariya ya tambaye ni ko a zamaninmu akwai gem. Na ba shi labarin ɗan mutum mai fitila. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya miƙo mini wayar, sai ga farin abin nan ya gifta ya faɗa rami, da kiɗansa da ban ji ba tun ina aji huɗu. Sai da na zauna. Sadik ya ce yanzu ana iya ajiye wasan a ko'ina, in ka mutu ka koma baya kaɗan ka gyara, kuma akwai bidiyon waɗanda suka ƙare shi, in ina so ya nuna mini ƙarshen yanzu. Na ce kada ya kuskura. Na ce ya shirya, ranar Asabar za mu Bungudu.

A can Lawali yake da iyalinsa, malamin gona ne. Da sassafe muka shiga mota don mu juyo kafin la'asar, yadda kowa yake yi a hanyoyinmu yanzu. Bayan rasuwar Inna shi ya ɗauko randarta, kuma duk da akwai firji a gidan, matarsa ta kafa ta a kan yashi a inuwar zaure. Kusa da ita aka shimfiɗa mana tabarma. Bayan gaisuwa na sa Sadik ya kunna. Lawali yana jin kiɗan ya ajiye kofin da ke hannunsa. Ban bari na yi tunani ba, na gaya masa komai, moɗa biyu, da busasshen yashin da na barbaɗa. Ya dube ni, sai ya fara dariya, ya yi ta yi har ya share ido da hannun riga.

"Balki, ke kin zaci ban ga sawun yatsunki ba? Ina ɗaga shi nig ga ƙasa jiƙe."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Dariyar ta sauka.

"Rai guda yar rage mini. Guda. Ga yara cike da ɗaki. Mi kika zato ya tsai da ni masallaci? Roƙo nikai a ɗauke wuta kahin in dawo." Ya kalli randar. "Shekara ashirin da biyar ana ce mini Mai Hitila. Ke kinka ruhe mini asiri."

Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, sai na yi duka biyun. Haushi ma na ji, na gaya masa, ya bar ni da kayan nan a kai tsawon shekarun nan alhali kalma ɗaya za ta sauke mini. Ya ce shi ma ai nasa yake ɗauke da shi. Sadik ya miƙa masa wayar ya gwada. Yatsun da fartanya da babur suka yi wa kanta suka kasa gane gilashin wayar, Kunama ta kashe shi tun a zangon farko, sau uku a jere. Ya miƙo mini yadda dokar falo ta ce, ni ma ban kai duwatsuna ba. Sadik ya gaji da mu, ya ce shi fa ya riga ya kalli ƙarshen, ko ya faɗa mana abin da ke bayan ƙofar?

"Bar shi," in ji Lawali. "Rago ne."

Na buɗe baki in ba shi amsar da na saba, cewa uwarsa ce, sai na tuna Inna na fasa. Shi ma ya ji ta duk da ban faɗa ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, can ya ce a hankali, "To, a bar shi yadda kinka ce."

Ba na cikin masu cewa yaran yanzu ba su san wasa ba. Sadik ya fi mu gwaninta nesa ba kusa ba, yana buga ƙwallo a waya da yaran da bai taɓa gani ba, wasanninsa suna magana da harshen da yake ji, kuma ba abin da ke ɓace masa don wuta ta ƙifta. Sai dai shi kaɗai yake sunkuye a kan wayarsa da abin ji a kunne, in ya mutu ba wanda yake miƙa wa, kuma duk ƙofar da ya tarar a rufe, minti ɗaya ya ishe shi ya ga bayanta. Mu tamu ta zauna a rufe, shi ya sa har yau akwai wadda nake sa ran tana ciki. Da muka tashi tafiya na lura yashin gindin randar ya fara bushewa. Ba wanda ya tambaye ni. Na ɗauki moɗa na jiƙa shi.